Ranar da Aswaki Ya Shiga Ɗakin Jarrabawa

Ku sababbin zuwa, a duk shekarun da na yi a cibiyar jarrabawar nan ta Makka ba ranar da ta ƙi fita daga kaina kamar wata Laraba, sati biyu bayan alhazai sun watse, da aswaki ya kusa cinye wa wani bawan Allah jarrabawarsa. Kuma ni na jawo, ba kowa ba.

Lokacin ni ne mai bincike a ƙofar ɓangaren maza. Masu neman shiga makarantar likitan haƙori a kwamfuta suke jarrabawa, kuma a ciki akwai sashen gwajin ido. Za a nuna maka kusurwa huɗu a ce wacce ta fi tsukewa, ko a ninke takarda a huda ta, a ce ina ramukan za su faɗa in an buɗe. Da ido da ƙwaƙwalwa ake so ka amsa, don gobe ba rula za ka cusa a bakin mutum ba. Shi ya sa aka hana duk abin da za a iya awo da shi: rula, takarda, biro, har yatsanka ba a yarda ka ɗora a gilashin kwamfuta ba. Wanda aka kama a soke sakamakonsa, kuma ya daɗe kafin a bar shi ya sake zama.

Da safen nan wani mai suna Sa'idu ya zo, ɗan unguwar Hindawiyya, iyayensa Hausawa ne da suka shigo ƙasar nan ta Sudan. Yana miƙo katinsa ya ce, "Kawu, ina kwana? An tashi lafiya?" Kai! 'Ya'yana na cikina in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, ga wannan yana gaida ni kamar a Kano. Daɗi ya kama ni, na biye masa. Ya ce shekara guda yana shiri, kuma in wannan zaman ya wuce shi za a rufe karɓar takardu, sai baɗi.

Na karɓi waya, agogo, carbi da makulli na sa a loka. Na sa ya zazzago aljihun gefe duka biyu. Aswakinsa kuwa yana tsaye a aljihun ƙirji, kansa a waje. Idona ya gani, ƙwaƙwalwata ba ta gani ba. A Makka wa yake ƙirga aswaki cikin kaya? Kamar maɓallin jallabiya yake. Na ce masa, "Yalla, Allah ya ba da sa'a."

Bayan kamar awa biyu Munir, mai kula da kyamarori, ya kira ni. "Ya Abu Faisal, zo ka ga mutuminka."

Na leƙa allon kyamara. Sa'idu yana tsakiyar sashen kusurwoyi da aswaki a baki, yana tauna kamar yana zaune a ƙofar gidansu. Can ya zare shi, ya nuna allon da shi daga nesa, ya girgiza kai, ya mayar baki. Sanda ce miƙaƙƙiya, a hannun mai jarrabawa, a sashen da aka fi tsoron awo. Na shiga a hankali na karɓe. Ya dube ni, ya dubi aswakin, fuskarsa ta canza. Ya ƙarasa jarrabawar, amma ƙa'ida ita ce a riƙe sakamako har babban ofis ya karanta rahotonmu ya kalli bidiyo.

A waje ya tare ni. "Wallahi Kawu, ban san na ciro shi ba. In hankalina ya tashi haka nake yi."

Munir ya ja ni gefe ya ce in rubuta "an same shi da sanda" in tsaya nan, halas, shi ke nan. Gaskiya ce, amma rabinta. Duk wanda ya karanta zai ɗauka ɓoyewa ya yi ya shigo da ita. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi minti biyar ina kallon takardar, don shekara tara ban taɓa karɓar takardar gargaɗi ba, kuma ina alfahari da hakan. Sannan na rubuta cewa aswakin a bayyane yake a aljihun ƙirji lokacin bincike, ni na gani na bar shi ya wuce.

Mudir ɗinmu, wato shugaban cibiya, Ustaz Hamza, ɗan unguwar Tandabawi ne, kakansa Basakkwace. Larabci yake yi kullum, sai ransa ya ɓaci Hausa take fitowa. Ranar kuwa ta fito.

"Kai wane irin mai bincike ne? Sanda mai tsawon taƙi ta wuce ta gabanka! Makaho ne kai?"

Na sunkuyar da kai, sai idona ya faɗa kan ƙirjinsa. Na ce, "Ustaz, da izininka. Sau nawa ka shiga ɗakin jarrabawa yau?"

"Sau uku. Me ya kawo wannan?"

Na nuna aljihunsa. Ya duba, ga nasa aswakin a tsaye, ya ma fi na Sa'idu tsawo. Munir da ke gefe ya fashe da dariya, sai muka ga shi ma nasa na nan. Ustaz Hamza ya ce "La haula," ya jawo rahoton ya ƙara layi da hannunsa: babu aswaki a jerin abubuwan da cibiya take karɓa a ƙofa, kuma wannan sakacin cibiya ne.

Kwana goma muka jira. Kullum sai Sa'idu ya bugo wayar ofis, ni kuma kunya ta hana ni ɗauka. Da amsa ta zo, sun ce bidiyo ya nuna sandar ba ta kusanci gilashi ba, kuma tunda ba ɓoye ta aka yi ba, sakamakonsa ya tsaya. Ni aka ba ni gargaɗina, na sa hannu ina murmushi. Na kira shi da kaina. Ya yi ta maimaita "Kawu, Kawu," ina jin mahaifiyarsa tana guɗa a bayansa.

Abin da na koya biyu ne. Abin da ido ya saba gani shi ne yake wuce mai bincike, don haka ku bi jerin takarda, kada ku bi sabo. Na biyun ya fi nauyi. Mutanen babban ofis ba su san Sa'idu ba, ba za su taɓa jin muryarsa ba. Duk lokacin da kuka zauna rubuta rahoto a kan wani, ku tuna ba ya wurin da za a karanta, kuma ba shi da wani baki a can sai abin da kuka rubuta.