Bargon da Muka Lulluɓa wa Saniyar Inna

Shekarar da Baba ya sayo wa Inna saniya ruwa-biyu a kasuwar Ɗambatta, gidanmu ya zama wurin kallo. Baƙa ce mai dabbare-dabbaren fari, uwarta 'yar gida, ubanta daga ƙasar sanyi. Lokacin ina gidan mijina a ƙauyen gaba, amma kullum sai na leƙo, wai gaisuwa, alhali kindirmo ne ke kawo ni.

Fararen shanunmu na gado a gindin tsamiya suke wuni, iska tana kaɗa su ta ko'ina. Baba ya ce wannan ba sa'arsu ba ce. Ya gina mata ɗakin bulo, ya rufa kwano, ya bar taga 'yar mitsitsiya saboda idon mutane. Da sanyi abin ya yi kyau, Inna tana tatsa har hannu ya gaji.

Sai ƙarshen bazara ya zo, lokacin da hadari ke haɗuwa ya watse ba ruwa, iska ta tsaya cak, jiki ya yi ta danƙo. Saniya ta daina tuƙa, nono ya ja baya. Wata rana da hantsi na tarar da ita tsaye, wuya a miƙe, harshe a waje, yawu yana dalala, tana haki kamar wadda aka koro. Inna ta taɓa kunnenta ta ce, "Wayyo, zazzaɓi ne! 'Yar nan, ɗauko min bargona, in ta yi gumi zai sake ta."

Haka ake yi mana tun muna yara, kuma muna warkewa. Muka lulluɓe ta, muka toshe tagar da buhu kada iska ta buge ta, Inna ta ɗura mata jiƙo mai ɗumi tana ta yi mata sannu. Kafin la'asar saniya ta durƙushe. Da ƙyar mahauci ya iso ya sa wuƙa kafin ta zama mushe.

Daga baya wani malamin dabbobi da ya zo rigakafi ƙauyenmu ya yi mini bayani. Irinta ba ta iya gumi kamar fararen shanu, da haki take fitar da zafi. In kuwa iska ta yi laima kuma ba ta motsi, hakin ma ba ya sanyaya ta. Inuwa, ruwa a gadon baya da iska mai wucewa, shi ke nan abin da take nema. Na tuna rijiyarmu da ke tsakar gida, sai na ji zuciyata ta yi baƙi ƙirin, har yau kuma abin yana ci na.

Inna ba ta sake kiwon saniya ba, ni kuma na kasa gaya mata. Har ta bar duniya, in zancen ya taso sai ta share ido ta ce, "Mai abu ya karɓi abinsa. Ni dai na gode Allah, ban rage ta da komai ba."

Sai in ce, "Haka ne, Inna."