Umara Mai Rijiya da Ruwan Talha

A Azare, cikin shekarun da suka biyo bayan babban yaƙin Turawa na biyu, in ana maganar ruwa sai an nemi bakin Umara. Mai haƙar rijiya ne, ɗan mai haƙar rijiya, gajere mai faɗin kafaɗa, idonsa kullum a ƙanƙance kamar wanda yanzu ya fito daga rami. Daga Cinade har Zadawa da wuya ka sami garin da ba a sha aikin hannunsa ba. Yakan tsaya a fili, ya dubi inda suri ya tashi da inda kanya ta tsiro, ya ɗanɗana ƙasa, ya ce, "Gaba goma sha biyu." Ba kasafai yake kuskure ba. Shi ya sa a rumfar Jalo wanzami, inda maza ke zama bayan la'asar, akwai wani kifaffen turmi da ba mai zama a kai sai shi.

Talha taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Tare suka tashi suna tsokanar juna. Ba shi da gona, ba shi da tsayayyar sana'a, don haka da aka zo neman masu ɗaukar kaya wa ma'aikatan daji da ke shata iyakar wani gandu can gaba da Bauchi, shi ya fara miƙewa. Ya yi damina guda a can. Da kaka ya dawo da tabo a ƙwauri da labari ɗaya tak.

"Kogi ne guda, jama'a," in ji Talha. "Ya zo bakin dutse ya rasa hanya, sai ya faɗo. Tsawon rimi biyu! Tun da nisa kake jin rurinsa. In ka matsa kusa, rigarka ta jiƙe sharkaf, alhali sama babu hadari."

"Taubashi," in ji Umara, "kai da ba ka taɓa kai tulu gida a cike ba, yau kai ne malamin ruwa?"

Aka yi dariya, amma ba wanda ya juyo wajen Umara. Idanu na kan Talha.

Umara ya ɗauka abin na kwana uku ne. Sai ga shi wata ya mutu, wani ya tsaya, baƙi 'yan Misau in sun ci kasuwa suna tambayar ina mutumin da ya ga ruwa na faɗowa. Rannan ya iso rumfa ya tarar da Talha tsaye a kan turmin nan, ya ɗaga hannu sama yana kwatanta tsayin dutsen. Ko da ya sauko, Umara bai zauna ba. A gida kuma matarsa Zinatu ta ajiye masa akushi ta ce, "Malam, wai da gaske ne bakan gizo a gindin ruwan yake kwana?"

Ya ture akushin. Shekara ashirin da biyar yana shiga ƙarƙashin ƙasa, sau biyu yashi ya rufta masa, ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ake gani a can. Wannan kuwa ya ɗauki akwatin wani a ka, ya tsaya ya kalla, shi ke nan ya zama abin saurare.

Ya yanke shawarar zuwa ya gani da idonsa. A wurin masu rijiya, ba a yi wa ruwa shaida sai da bazara; rijiyar da ta cika da damina ba a yaba mata. Saboda haka ya jira har rafuka suka ƙafe, ya naɗe igiyar awonsa, ya bi fatake masu jakunan kanwa. A ransa adalci ya yi.

Kwana goma sha uku suka yi a hanya. A ƙauyen ƙarshe ya sami mai gadin gandun, wani dattijo mai suna Ɗanladi, wanda ya dube shi ya ce, "Yanzu? Malam, ai ka zo ba lokaci ba." Umara ya ce lokacin ke nan. Suka kama hanya bayan sallar asuba.

Umara mutumin ƙasar yashi ne, bai san hawa ba. Takalminsa ya tsinke kafin hantsi, duwatsu suka yanyanka masa tafin ƙafa. Tsando ya bi su yana cizo ta cikin riga. Suka kutsa cikin gora mai tsayi, birai na yi musu tsawa daga kan dutse. Duk inda suka tsaya shan iska sai Umara ya kasa kunne. Babu ruri. Gajiyarsa ta riƙa raguwa.

Da azahar suka iso. Baƙin dutse ne miƙe, tsawon rimi biyu kamar yadda aka ce. Wani siririn ruwa, bai fi kaurin zare ba, yana bin jikinsa yana ɗiga cikin wani tafki kore a ƙasa.

Umara ya yi dariya har ya dafa gwiwa.

Da ya tsaya nan, da ya koma gida da zuciya fes. Amma idon sana'a bai bar shi ba. Ya ga dutsen ya yi sumul kamar cikin tsohuwar ƙwarya, faɗin ɗaki huɗu. Ya ga wani kututture maƙale a tsagi, can sama da tsayin mutum uku, inda ruwa ya ajiye shi. Ya kwance igiyarsa, ya ɗaura dutse, ya zura cikin tafkin. Ƙulli ya bi ƙulli ta cikin yatsunsa. Gaba goma sha biyar, igiya ta ƙare, dutsen bai taɓa ƙasa ba. Rijiya ce, a cikin zallar dutsen da diga ba ya kamawa, kuma ruwa ne ya haƙa ta da kansa. Ya san irin nauyin ruwan da zai yi wannan aiki. Talha ma ragewa ya yi.

"In ka dawo a watan marka za ka gani," in ji Ɗanladi.

Umara ya naɗe igiyarsa. A watan marka mai gona yana gonarsa.

Ranar da ya koma Azare rumfa ta cika har waje. Ya zauna, ya miƙe ƙafafunsa masu faso don kowa ya gani.

"Dutse dai akwai," ya ce. "Ruwan kuwa, in ka tara buta da azahar, wataƙila ka yi alwalar la'asar."

Wuri ya kaure da dariya. Jalo wanzami sai da ya ajiye askarsa. "Kogin Talha! Ashe mu ma muna da irinsa a bayan ɗaki!"

Talha bai yi dariya ba, bai kuma yi rantsuwa ba. Ya dubi taubashinsa ya ce, "Umara, tsakaninka da Allah, ka zura igiya a tafkin?"

"Ban je da igiya ba," in ji Umara.

Talha ya gyaɗa kai, ya karkaɗe rigarsa ya fita. Bai ƙara ba da labarin ba. Da ruwa ya sauka ya sake bin ma'aikatan daji, daga baya aka ji ya yi aure a wajen Bauchi. Gaisuwa yakan aiko, ga kowa da sunansa, har da Umara.

Umara ya ci gaba da haƙa har gwiwoyinsa suka gaza. Magana kan ruwa ta dawo bakinsa, ba mai ja. Sai dai Zinatu, wadda da hannunta ta sa masa igiyar a jaka, ta lura da wata sabuwar ɗabi'a. In aka kece da ruwa da rana, kowa na gudun fakewa, shi sai ya fito ƙofar zaure ya tsaya yana kallon indararo na zuba, yana ɗaga kai a hankali, sama, sama, har ya wuce soron, har ruwa ya shiga masa ido.

"Shigo, Malam, za ka yi mura," takan ce.

"Shi fa ya gan shi a cike," in ji Umara, ba tare da ya waiwayo ba. "Talha. Mutumin da ko guga bai iya ja ba."