Wa'azin da Fasto Ya Haɗiye

Ku matso kusa, kowa ya samu wuri ya zauna, in ba ku labarin wani fasto. Kada ku ji nauyin yi masa dariya, don shi ma in ya tashi ba da labarin nan, shi yake riga kowa darawa.

Gajeren mutum ne mai faɗin goshi, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ba shi da muryar waƙa ko ta anini. In ya ɗauko waƙa a gaban jama'a, sai mai ganga ya ƙara ƙarfi don ya rufa masa asiri. Amma Allah ya ba shi baki. In ya hau mumbari ya ce, "Akwai wani yaro a gidana," sai ka ga masu gyangyaɗi sun buɗe ido. Yakan ce shi manomi ne mai gona uku: Yaya, 'yarsa ta fari, da ƙanenta da ake kira Sarkin Ci, sai Auta. Daga Litinin zuwa Asabar yana zagaya gonakin yana tsintar abin da suka faɗa da wanda suka aikata, ranar Lahadi ya kai girbin kasuwa.

A tsohon cocinsu wannan bai taɓa zama abin magana ba. Matan cocin ne suka goya yaran nan, sun san ɓarnar kowa tun kafin ta iso mumbari. Dariya ce ta 'yan gida.

Ana nan sai shugabanni suka canja masa wurin aiki zuwa wani gari mai nisa. Aka loda wa mota katifu da tukwane da kwalayen littattafansa, waɗanda matarsa, Mama, ta ce sun fi tukwanenta nauyi, sun kuma fi su rashin amfani. Direba ya tada mota, aka ƙirga yara, babu Yaya. Can aka same ta a cikin kabad ɗin bango na ɗakinsu, ta naɗe ƙafafu, yarinya mai shirin shiga sakandare. Ta ce ita a bar ta, a haɗa ta da kabad ɗin a ba sabon fasto. Da ƙyar Mama ta lallashe ta ta fito.

Sabon gidan yana bayan coci, ɗaki biyu da falo. Tagar kicin tana kallon ƙofar majami'a, duk mai zuwa addu'a ya san abin da Mama ta ɗora. Famfo sai ya yi tari kafin ya ba da ruwa. Rufin kuwa wuri ɗaya yake yoyo, daidai kan teburin karatun Fasto, abin da Mama ta ce ra'ayin sama ne game da wa'azinsa.

Lahadin farko, Fasto ya tsaya gaban fuskokin da bai sani ba. Me zai yi ya sace zuciyar mutanen nan? Ya laluba aljihun dabara, ya ciro wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba.

"Akwai wata yarinya a gidana," in ji shi, "da ta so a bar ta a cikin kabad."

Aka yi dariya har wata tsohuwa tana share hawaye da bakin ɗankwali. Fasto ya sauko yana jin kansa kamar ya ci yaƙi. Bai kalli bencin gaba ba, inda ake jera 'ya'yan fasto kamar kayan talla.

Abin da ya manta, a garin nan ba wanda ya goya Yaya. Ba su san tana da kai a lissafi ba, ba su san ta iya kitso ba. Abu ɗaya suka sani. Kafin a tashi daga makaranta ranar Litinin, sunanta ya koma 'Yar Kabad.

Sarkin Ci bai damu ba, shi ko a kan satar sukari aka ambace shi, suna ne. Amma Yaya, wadda a da take bin ubanta har bakin banɗaki da surutu, ta rufe baki. "Ina kwana, Baba." "Sai na dawo, Baba." Iyakarta ke nan. Sannu a hankali ta ja ƙannenta. Fasto zai jiyo hira da shewa a ɗakin yara, da zarar ƙarar silifas ɗinsa ta kusa, sai tsit.

Wata rana a kan tebur ya tambayi Auta me aka koya musu a makaranta. Yaron ya toshe baki da hannu biyu.

"Yaya ta ce kada mu yi magana, Baba yana neman wa'azi."

Mama ta ƙware da ruwa. Da yaran suka tashi, Fasto ya ce, "Maman yara, kin ji fa. Ni ɗan leƙen asiri ne a gidana?"

"A'a, Baban Yaya, ɗan leƙen asiri ai mutum ɗaya yake kai wa rahoto. Kai da lasifika kake yi."

"Don gina jama'a nake yi."

"To gina su da bulonka. Me ya sa sai ka rushe ɗakin yarinya ka kwashi nata?"

Gona ta bushe, dole ya nemi wata. Ya yi wa'azi da famfo mai tari. Ya yi da akuyar maƙwabta. Ya sake yi da famfon. Wani dattijon coci, tela ne, ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Fasto, yaran duk sun shiryu ne? Mun kwana biyu ba mu ji su ba."

Ya yi dariyar dole. Amma ba bushewar wa'azin ce take cin sa ba. Kullum da safe shi yake kai Yaya makaranta a babur, tana bayansa kamar buhu, ba ta ko riƙe rigarsa. Damina ta zo ta wuce, aka gyara rufi da famfo, Mama ta saba da kasuwa, Auta ya yi abokai har sun yi yawa. Shi kuwa mai bakin da ke tada masu barci ya kasa samun kalma biyar daga 'yarsa.

Sun kusa shekara a garin, wata Laraba taya ta yi faci a hanyar makaranta. Suka tura babur zuwa wurin mai faci, suka zauna a benci suna kallonsa yana tsoma tub ɗin tayar a ruwa. Dabarun Fasto na jan ta da hira duk sun ƙare. Can sai Yaya ta sa hannu a aljihun rigar makaranta ta ciro wani ɗan makulli.

"Baba, ka gane shi?"

"Na ina ne?"

"Na kabad ɗin nan. Tun da muka zo kullum yana aljihuna. In suka tsokane ni sai in riƙe shi." Ta juya shi a tafin hannu. "An kawo wata sabuwa ajinmu, babanta ma canjin aiki aka yi masa. Ita kaɗai take cin abincinta a bayan aji. Jiya na je na zauna da ita, muka yi ta hira. Sai da na dawo gida na tuna ban taɓa makullin ba ko sau ɗaya." Ta miƙa masa. "Ka ajiye mini."

Ya karɓa, ya sa a aljihu. Amma ku ji halin mutum. Hawaye bai gama taruwa a idonsa ba, wani ɓangare na kansa ya riga ya raba labarin gida uku, da gabatarwa da kammalawa. Ga shi Lahadi mai zuwa za a yi godiyar cikarsu shekara, ayar da ya zaɓa kuwa a kan barin abin da ke baya take. Yakan ce ko tela bai taɓa ɗinka rigar da ta zauna haka ba. Kuma yarinyar ba ta ce kada ya faɗa ba, ya yi ta nanata wa kansa wannan har Asabar.

Lahadi coci ya cika. Ya karanta aya, ya gyara tabarau, bakin ya tafi da kansa.

"Akwai wata yarinya a gidana..."

Jama'a suka gyara zama. Tela ya washe baki. Daga cikin mawaƙa Mama ta aiko masa da wani kallo da zai iya dafa ƙwai. Yaya kuwa ba ta sunkuyar da kai ba, ido ta zuba masa tana jira. Makullin yana aljihun wandonsa, yana sukar cinyarsa.

"...tana gaishe ku," in ji Fasto. "Tana gaishe ku ƙwarai da gaske."

Jama'a suka kalli juna. Wani daga baya ya ce, "Muna amsawa."

Daga nan wa'azi ya wargaje. Ya koma kan aya, ya dawo, ya ɗauko famfo, ya tuna an gyara shi, ya ajiye. Kafin masu zuwa a makare su samu wurin zama ya ce a tashi a yi addu'a. A bakin ƙofa tela ya taɓa masa goshi ya ce ko zazzaɓi ne.

Da rana a kan tebur, Yaya ta dube shi ta ce, "Baba, wa'azinka na yau ba daɗi."

"Na sani, uwata."

"Ko kaɗan fa."

"Na ce na sani!"

Ta tuntsire da dariya, ta shiga ba shi labarin sabuwar ƙawarta, da malamin lissafi, da wata mai kwaikwayon tafiyar malamin, har shinkafarta ta huce, Sarkin Ci ya taimaka mata da ita.

In kun ce to ta yaya labarin makullin ya fito, sai da Yaya ta girma ta ba shi izini da bakinta, shi ma da sharaɗin ya faɗi har da wurin famfon. Yanzu ku gaya mini tsakaninku da Allah: da ku ne a kan mumbarin nan, jama'a sun zuba kunne, labari ya zo har kan harshe, da kun iya haɗiye shi?