Yaya Rifkatu Takan Fara Duba Ƙafa

Shekara tara ke nan da muka binne Yaya Rifkatu a bayan cocinmu, amma har yau in na ga mace ta shigo asibiti tana dafe da mara, ƙafarta nake fara kallo. Ita ta bar mini wannan hali.

Yayata ce ciki ɗaya, ungozoma a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwantu. Mata sun sha zuwa mata da ɓarin ƙaramin ciki, na wata biyu ko uku, kuma tambayar kullum ɗaya ce: a bar jiki ya fitar da sauran da kansa, ko a tura mace wankin ciki? Ba ta da na'urar hoto. Takan tambayi yaushe jini ya fara, ta taɓa goshi ko da zazzaɓi. In jini ya riga ya taho, takan ce jiki ya kama aikinsa, galibi zai ƙarasa. In kuwa laulayi ya ɗauke amma babu ko ɗigo, jiran yakan yi tsawo, wani lokaci ma a banza.

Sai dai hukuncinta na ƙarshe a ƙafa yake, kuma wata Ladi ce ta koya mata, da ranta. Ladi ta ce gidansu "nan kusa ne", yadda mutanenmu kan ce ko da tafiyar rabin yini ce. Yaya ta sallame ta ta je ta jira. Damina ce. Jini ya ɓalle, rafi ya cika, babur ya kasa ƙetarewa, Ladi ta rasu. Yaya ba ta yafe wa kanta ba har ta koma ga Ubangiji. Tun daga ranar, in ta ga laka ta haura idon sawu sai ta ce, "Ƙafan nan ya ƙetare ruwa. Ke ba mai jira a gida ba ne." Ta shimfiɗa wa matar tabarma a ɗakinta. Mun sha yi mata tsiya cewa ta mai da gidan gwamnati masauki, ko a jikinta.

Watan jiya 'yata Godiya, da ke aure a wani ƙauye bayan Nok, ta yi ɓari. Na raka ta asibiti nan Kafanchan. Likitan matashi ne mai natsuwa. Ya yi hoto, ya auna abin da ya rage, ya ce tunda jini ya fara, yana kyautata zaton jikinta zai gama da kansa cikin mako biyu. In jini ya yi yawa, ko zazzaɓi, ko wari, ta dawo maza. Da Yaya ta ga na'urar nan da ta yi rawa don murna, ita da ta ƙare rayuwarta tana lalube. Amma na'urar ba ta nuna rafi.

Ya tambayi Godiya ko gida da nisa. Ta ce, "Ba nisa, Dokta." Na dubi ƙafarta: tas, cikin takalmin zuwa coci. Yaran yanzu sun san su wanke ƙafa kafin su shigo gari, ko Yaya da ta ruɗu. Ni kuwa na san hanyar.

Na ce, "Ƙarya take yi, Dokta. A gidana za ta jira."

Ta yi fushi, wai ciyawa za ta cinye gonar citta, surukai kuma za su ce raki. Na ce su ce. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tsoro nake ji, ban kuma ɓoye mata ba.

Likita ya yi gaskiya. Rana ta takwas jikinta ya gama, ba wanki, ba ƙarin jini. Ta dube ni ta ce, "Kin gani, Mama? Da ina gida ma haka ne."

Mijinta ya ce zai zo ɗaukarta ran Talata, sai ran Alhamis muka gan shi. Kwana biyu yana bakin rafi yana jiran ruwa ya janye. Ya tsaya a ƙofa yana ba da haƙuri, ni kuwa ƙafarsa nake kallo, laka har gwiwa. Godiya ma ta kalla, ta daɗe tana kallo. Sai na shiga ɗaki na yi wa Yaya kukan da ban samu na yi ba ranar jana'izarta.