Ɗana ya ɗauke ni hoto ina sujada

"Umma, yanzu za mu wuce," in ji ɗana Nasiru, ya gangara da mota gefen titi. Daga ta'aziyya muke a Fagam za mu koma Birnin Kudu, ƙafafuna duk sun kumbura. Shi kuwa rana ya hango tana faɗawa bayan duwatsu, wai sai ya ɗauki hoto.

Ya yi ta hawa yana sauka da waya har magariba ta yi. Da na gaji da kira, na yi alwala da ruwan leda, na shimfiɗa zane na ta da salla.

Washegari ƙanwarsa ta turo min hotona ina sujada, ga duwatsu da jan sama a bayana. Ashe ya sa a Facebook, ana ta yabo.

Na ce, "Da izinin wa?"

Ya ce, "Umma, ai ya yi kyau. Kowa addu'a yake miki."

Na ce, "Kai da ka tsaya ɗauka, yaushe ka yi taka sallar?"

Ya sunkuyar da kai, ya goge.

Wallahi na gaji. Iyaye, ku ma naku haka suke, har ibadar mutum sai sun mai da ita abin kallo?