Sunan da Hote Khan Yake Tsallakewa

Hote Khan makaɗin kamaica ne, wani kayan kiɗa mai kama da goge, kamar ubansa da kakansa. A ƙauyen Tejasar, cikin rairayin Barmer, ba wanda ya taɓa tambayarsa wace sana'a yake so, shi ma bai tambayi kansa ba. Kamaicar da yake gogawa ta girme shi. Da itacen mangwaro aka sassaƙa ta, aka rufe fuskarta da fatar akuya, wuyanta har ya yi santsi saboda hannuwan da suka riƙe ta.

Ba kayan kiɗa kaɗai ya gada ba, ya gaji gida guda da yake yi wa kiɗa, gidan babban mai ƙasa na ƙauyen, Takur Padam Sing. Hote musulmi ne, Takur kuwa Hindu, amma ba a haihuwa ko aure ko mutuwa a wancan gida sai an aiko masa. Shi ke riƙe da sunayen kakanninsu a ka, yakan jero su har zuwa kan 'ya'yan yanzu kafin ya fara waƙa. Su kuma in an yi girbi su aiko da gero, in biki ne akuya ko rawani. Waƙoƙin gidan na gidan ne. Makaɗin da ya fitar da su waje, ana iya ce masa ya huta a kira wani, kuma ba shi kaɗai aka sallama ba, har 'ya'yansa da jikokinsa.

Suna ɗaya ne yake tsallakewa. Narpat, na tsakiya cikin 'ya'yan Takur maza uku, ya tafi aiki birnin Surat ya auri wadda gidan bai yarda da ita ba. Takur bai yi faɗa ba. Ya dai kira Hote ya ce, "Daga yau in ka zo kan 'ya'yana, biyu ne."

"To, ranka ya daɗe."

Tun daga ranar, in ya iso wurin, sai ya ɗan ja numfashi ya wuce.

Da aka yi ta fama da ƙarancin ruwan sama, geron da ake aikowa ya ragu, sai Hote ya fara neman kiɗa a otal-otal na masu yawon buɗe ido. A nan ne Mangilal ya shigo maganar. Sa'ansa ne, tare suka yi kiwon awaki, yanzu yana da shagon kwamfuta a kasuwar Barmer. Shi ya ce zai buɗe masa shafi a intanet, da hotonsa da kiɗansa da lambar waya.

Hote ya daɗe yana kallon kwamfutar kafin ya ce, "Wanda ya ji a kyauta, me zai kira ni in yi masa?"

"Ɗanɗano ne, tsoho. Kai dai kawo kiɗa."

"Kai kuma me za ka ci a ciki?"

"Surutunka. Ai ya ishe ni abinci."

Haka suka fara. Duk ranar kasuwa Hote yakan zauna a bencin shagon da kofin shayi, ya ba da labari, Mangilal ya buga ya juya shi da Turanci ya ɗora a shafin. Labarin yadda ake zaɓen fata, labarin kakansa da ya kwana uku a hanya don ya yi kiɗan biki. Mangilal yakan ƙara gishiri. Wata rana wani baƙo ya tambayi Hote a otal ko da gaske ne kiɗansa yana sa raƙumi hawaye, ya dawo ya tsaya a ƙofar shagon yana kallon abokinsa.

"Raƙumin wa?"

"Nawa ne, ya mutu," in ji Mangilal, bai ko ɗago kai ba.

Abin dai ya yi amfani. An kira shi Jodhpur, an kira shi wani bikin kaɗe-kaɗe a Delhi. Sharaɗi ɗaya ya kafa tun farko: waƙar damina da ta matafiya da ta kowa da kowa a ɗora, abin da yake na gidan Takur kuwa ba zai ko kusanci shagon ba.

Masu karanta shafin sukan bar magana a ƙasan kowane labari, galibi yabo da Turanci. Sai ga wani da bai sa suna ba, ya rubuta da yaren ƙauye, irin wanda ake yi a bakin rijiya. Ya tambaya ko itacen darbejiyar da ke ƙofar gidan Takur yana nan. Hote ya ce kada a ba shi amsa. Mako na gaba mutumin ya dawo, ya roƙi a ɗora jerin sunayen gidan Takur, cikakke.

Hote ya ajiye kofinsa, bai ƙarasa shayin ba.

A hanyar gida, cikin motar haya, ya yi ta juya mutane a ransa, yana neman wanda ke ɗana masa tarko. Akwai wani ɗan baffansa, makaɗi shi ma, wanda gidan da yake bi ya talauce, ya daɗe yana zagaya Tejasar da gaisuwar da ba a nema ba. Akwai babban ɗan Takur, wanda ya taɓa cewa a gaban mutane lasifika ta fi makaɗi araha, don ba ta cin akuya. Wannan hujja kawai yake jira. Har Mangilal sai da ya saka a lissafi, don ya sha jin yana cewa sirri ne ke jawo masu karatu.

Matarsa Niyamat tana gasa gurasar gero lokacin da ya faɗa mata. Ta juya gurasar ta ce, "Kai fa ko inuwarka ta biyo ka sai ka tambaye ta wa ya aiko ta."

"Inuwata ba ta taɓa tambayata sunayen gidan Takur ba."

Ta shafa wa gurasar man shanu ta miƙa masa.

Saƙo na uku gajere ne. Mangilal ya karanta shi a hankali, ba wasa a muryarsa. Mutumin ya ce ya fasa neman sunaye. An haifa masa ɗa namiji a inda yake, ba wanda ya yi wa yaron kiɗa. Yana so dai ya sani, 'ya'yan Padam Sing nawa Hote yake kira yanzu.

"Narpat ne," in ji Mangilal.

"Ko wanda yake so in ɗauka Narpat ne."

"Haba, tsoho. Wa zai zauna ya ƙirƙiro jariri saboda kai?"

"Wanda ya san ni," in ji Hote.

Gaskiya ya faɗa. Wanda ya san gidan ne kaɗai zai iya rubuta wannan, kuma ba duk waɗanda suka san gidan ke son Hote ba. In ya amsa da biyu, ya fitar da maganar gida waje. In ya amsa da uku, ya saɓa wa Takur a gaban duniya. In kuma ya yi shiru, mai yiwuwa akwai wani jariri a Surat da ya zo duniya ba a kaɗa masa komai ba, kuma shi ne na farko a zuriyar da hakan ta faru da shi.

Ranar kasuwa ta gaba ya zo da kamaica. Ya sa Mangilal ya kashe fanka ya rufe ƙofa. Ya kaɗa wani kiɗa da ya shirya da kansa ranar da aka haifi Narpat, wanda bai sake taɓawa ba tun da aka ce masa biyu ne. Bakinsa a rufe ya yi shi, ba suna, ba kalma ko ɗaya. Kalmomin na gidan ne, wannan ya sani. Kiɗan kuwa na wane ne, bai tabbata ba, kuma bai so ya tambayi kowa.

"Me zan rubuta a ƙasa?"

"Kiɗan haihuwa."

"Shi ke nan? Ba labari?"

"In ka ƙara gishiri a wannan, Mangilal, mun rabu."

Mutumin bai sake rubuto komai ba. Shirun ya fi saƙonnin damun Hote. Duk motar da ta tsaya a bakin ƙauye sai ya leƙa. Can sai aka aiko daga gidan Takur wai ya zo da kamaicarsa, alhali ba biki ba rasuwa.

Ya tarar da Takur a kan gadon igiya ƙarƙashin darbejiya, ya rame, babban ɗansa yana tsaye a bayansa. A gefen matashi akwai waya irin ta zamani, an kife ta. Hote bai taɓa ganin tsohon da irinta ba. Ya gaida su ya zauna a ƙasa.

"An ce yanzu duniya kake yi wa kiɗa, Hote."

"Abin da yake na kowa nake ba kowa, ranka ya daɗe."

"To. Jero mini in ji ko ba ka manta ba."

Hote ya fara daga kakan da ya haƙa rijiyar garin, yana saukowa. Ya kira Padam Sing, ya kira babban ɗa, ya ja numfashi, ya kira ƙaramin.

Takur ya ɗaga hannu. "Ka yi saurin wucewa a nan. Delhi ce ke jiranka?"

Hote ya koma baya. Ya kira babban ɗa, ya tsaya. Bai san ko rami ake nuna masa ko ƙofa ba, amma hannunsa ya riga ya ɗora bakan da yake goga kamaica da shi a kan tsirkiya. Ya kaɗa kiɗan haihuwar nan tun daga farko har ƙarshe, bakinsa a rufe, sannan ya kira ƙaramin ɗa. Labulen ƙofar mata ya ɗan motsa, ko da yake ba iska a ranar.

Takur ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Na shagon Mangilal ya fi wannan sanyi a ƙarshe," in ji shi. Ya juya ga babban ɗansa ya ce, "A auna masa gero. A kawo shayi."

Ba a mayar da sunan ba, Hote kuma bai nema ba. Gidan dai yana hannunsa har yau. A duk bikin da aka yi tun daga nan, in ya iso wurin, kamaica ce ke magana na ɗan lokaci, babban ɗa ya kau da kai, Takur ya kalli ƙasa, ba wanda ya taɓa cewa a daina.

Wanda ya rubuto saƙonnin kuwa, Hote bai sani ba. Wani lokaci ya ce Narpat, wani lokaci ya tuna wayar da aka kife, wani lokaci labulen. Mangilal yakan ce wannan labarin shi kaɗai zai cika shafin da mutane.

"Rubuta na raƙuminka," in ji Hote, ya ɗauki shayinsa.