Duron Kulorin a Rana

Shekara goma sha tara Gwaggon Tanki ta yi tana zuba wa ruwan unguwa magani. Gida ɗari biyu da goma sha huɗu ke sha daga tankin nan. Kullum da safe takan dama ludayi uku na garin kulorin a bokiti, ta hau matakala ashirin da biyu, ta tsiyaye a ciki, ta jira minti talatin. Sannan ta ɗebo ruwan a 'yar kwalba ta jefa ƙwayar gwaji. In ya yi ja-ja, ta buɗe famfo. In bai yi ba, ko waye kai sai ka jira.

Ciwon ƙafa ya kwantar da ita sati bakwai. Ƙaninta, shugaban kwamitin ruwa, shi ya riƙe makulli. Ran da ta dawo, ta aika aka karɓo makullin, ta buɗe ɗakin ajiya ta tarar da sabon babur ɗinsa a inuwa, har da lulluɓi. Duron kulorin biyu kuwa suna waje jikin bango, rana na dukansu, murfin ɗaya a karkace.

Ta leƙa. Warin da ya saba sa ta hawaye babu shi sai kaɗan. Garin ya jiƙe ya dunƙule. Ta zuba ludayi uku ta gwada, ruwa garau, ba ja ko kaɗan. Ta ƙara uku, garau.

Lokacin jarka sittin da uku sun yi layi. Shugaba ya iso yana duba agogo.

"Yaya, mutane na jira."

"Auta, wa ya fitar da duron nan?"

"Gaban jama'a ai kya ce Shugaba."

"Ni na goya ka. Wa ya fitar?"

"Gari ne fa, Yaya, ba ƙanƙara ba. Ga shi nan fari tas, ko cokali bai ragu ba."

Ranta ya ɓaci. "Farin banza. Zafi da laima sun raba shi, abin da ke kashe cuta ya bi iska. Wannan da ya rage gishiri ne mai tsotsar laima, ko ƙwaro ɗaya ba zai kashe ba. Sau nawa ka gwada ruwan?"

"Ina zuba uku kullum, yadda kika ce."

"Gwadawa na tambaya."

Wata mai goyo ta ce daga layi, "Gwaggo, tun wancan satin yaranmu ke gudawa." Gwaggo ta bi layi tana tambaya, tana lanƙwasa yatsu. Yara goma sha ɗaya, gida takwas.

"Babur yana shan inuwa, yara suna shan cuta," ta ce. "Ba zan buɗe ba sai an kawo sabon duro."

"Kwana huɗu kafin ya zo. Sai a bari ƙishi ya kashe su?"

"To faɗa musu da bakinka cewa ruwan ba magani, sai na buɗe."

Ba zai faɗa ba. Ya miƙa hannu. "Makullin na kwamiti ne. Je ki huta, Yaya, ƙafarki ba ta warke ba."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta jefa masa makullin a ƙasa, sai da ya sunkuya ya ɗauka. Ya buɗe famfo da kansa.

Ba ta tafi ba. Ta kifa bokiti a bakin famfo ta zauna, ta miƙe ƙafar mai ciwo. Duk wadda ta cika jarka sai ta kama hannun jarkar.

"'Yar nan, ruwan ba magani. Ki tafasa ya yi ta ɓararraka kafin yaro ya sha. Maimaita in ji."

Hamsin da takwas suka maimaita. Biyar suka fizge jarka suka wuce, ta kuwa san gidajensu. Da layi ya ƙare ta ɗauki sandarta, ta fara da na kusa.